FILIN MATA: Kwana Ukun Farko Bayan Babban Aikin Ciki

 Makon nan mun ajiye zancen girki da ɗinki, saboda wata takarda da ta zo mini daga Gwandu. Wata baiwar Allah ce ta rubuto, ta roƙe ni kada in faɗi sunanta. Ta ce an yi wa maigidanta babban aiki a ciki a wani asibiti mai nisa, aiki ya yi kyau, har ya farfaɗo ya gane mutane. Bayan kwana biyu sai jiki ya rikice, ga ciwon ciki, ga zazzaɓi. Likita ya ce wurin da aka yi wa aikin ne ya kumbura. Allah ya sa ya tashi, amma har yau dangin miji ba su bar ta ta sha ruwa ba. Waɗansu sun ce ita ta ba shi abin sha a ɓoye, waɗansu sun ce hannun kishiya ne, waɗansu kuwa sun ce likita ne bai iya ba. Tana tambaya, wai laifin wane ne?

To, 'yar'uwa, share hawayenki. Bari in yi miki bayani, sauran 'yan'uwa su ma su ƙaru.

Abin da aka yi wa maigidanki aiki a kansa, likitoci suna kiransa fankiriyas. Kada ku ɗauka saifa ce, dabam su ke. Ita fankiriyas wata tsoka ce mai laushi, tana kwance a bayan tumbi, tsawonta kamar inci 6. Aiki biyu ta ke yi mana. Na farko, tana yin insulin, watau abin da ke daidaita sukari a jini. Na biyu, tana yin wani ruwa mai ƙarfi, fiye da lita 1 kowace rana, wanda ke gangarawa hanji ya narkar da nama da mai da tuwon da muka ci. Hikimar Ubangiji, wannan ruwa ba ya fara aiki sai ya isa hanji. Kamar wuta ne, a murhu ta dafa abinci, in ta fita murhu ta ci ɗaki. In fankiriyas ta sami rauni, sai ruwan ya fara aiki tun yana cikinta, ta shiga cin kanta. Wannan shi ne kumburin.

Me ya sa a ke yi mata aiki? Galibi saboda ƙari ne ko ciwon daji da ya fito a kanta. Alamarsa ta fari sau da yawa shawara ce: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya riƙa ƙaiƙayi, mutum ya riƙa ramewa. Ku lura da wannan, domin ba kowace shawara ce ta jiƙo ba. Wani likitan Amurka mai suna Allen Whipple shi ya bayyana yadda a ke wannan aiki a 1935, har yau da sunansa a ke kiran aikin. Ana yanke kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da matsarmama, wani lokaci har da ɓangaren tumbi. Sa'an nan a ɗauki ragowar fankiriyas a ɗinke ta a jikin hanji ko tumbi. Ku da ku ke gyaran kayan ciki ran Sallah, ku kwatanta ɗinka ɗanyar hanta a jikin hanji. Ga laushi, ga jijiyoyin jinin da aka yanke. In jini bai wadaci ragowar nan ba, ko ta sha taɓawa, ko 'yar hanyar ruwanta ta toshe, sai ta kumbura. Wannan yana faruwa har a manyan asibitocin Turai, a hannun gwanayen likitoci. Kurɓin ruwa ba shi ke kawo shi ba, balle kishiya.

Likitocin kansu sun daɗe suna muhawara a kan wannan ciwo. Sai a 2022 ƙungiyar likitocin duniya masu aikin fankiriyas ta tsai da magana ɗaya. Suka ce ciwo ne da ke farawa cikin kwana 3 na farko bayan aiki. Ana gane shi in wani sinadari da a ke kira amilas ya hau a jini ya ƙi sauka har awa 48, aka kuma ɗauki hoton ciki aka ga kumburin, jikin majinyaci kuma ya nuna. Wani yakan warke da ƙarin ruwa da maganin zafi kawai. Wani kuwa ɗinkin ya kan saki, ruwan nan mai ƙarfi ya riƙa yoyo a ciki, ya jawo ruɓa ko zubar jini. Nan ne haɗarin ya ke.

To, ina ruwan mata da wannan? Ruwanmu ne ƙwarai. A ƙasarmu wa ke shimfiɗa tabarma a gindin gadon mara lafiya? Mu ne. Likita ya kan zo ya wuce, nas tana da gadaje da yawa, amma ke kina nan dare da rana. Idonki shi zai fara gani. Saboda haka ki riƙe waɗannan, in kin ga ɗaya ki tashi ki kira nas nan take, ko da tsakar dare ne:

Ciwo a saman ciki da ke ƙaruwa maimakon ya ragu, musamman in yana sokawa har baya.

Zazzaɓi, ko rawar ɗari, ko zuciya na bugawa da sauri.

Amai, ko ciki ya kumbura ya yi tauri.

Fitsari ya ragu, ko mutum ya fara sambatu.

Ruwan da ke fitowa ta robar da aka sa a gefen ciki ya sake kala, ya yi dauɗa-dauɗa, ko ya zo da jini ko da kaɗan ne.

Kada kunya ta hana ki magana, kada ki ce bari gari ya waye. Kuma kada tausayi ya sa ki ba shi fura ko kunu ko jiƙo sai likita ya yarda, domin sabon ɗinki ne a hanji. In kuwa wata ta riga ta ba shi, ki faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sauran magana ita ce bayan an dawo gida. Irin wannan aiki sai babban asibiti mai ƙwararru, saboda haka mutanenmu na Gwandu da Kalgo sukan yi doguwar tafiya kafin su same shi, su dawo likitansu yana can nesa. Kafin a sallame ku, ki roƙi takardar da ta bayyana irin aikin da aka yi, da lambar wayar da za a kira. Ki adana takardar nan kamar yadda ki ke adana gwal ɗinki. In zazzaɓi ya taso, ko rauni ya fara tsiyaya, ko ya yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi, kada a tsaya neman kuɗin motar komawa can. A kai shi asibiti mafi kusa tukuna, da takardar a hannu. Mutanen Kalgo ga asibitin gwamnatin jiha a garinku, ga Birnin Kebbi kusa. Mutanen Gwandu ku fara da na gida, su za su tura ku Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato in abin ya fi ƙarfinsu.

Wajen abinci, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida ya fi cika kwano sau biyu. Ki rage man shanu da soye-soye, ki yi masa farfesun kifi ko kaza marar kitse, da kunu, da tuwo mai laushi. In bayan gidansa ya zama mai maiƙo yana yawo a kan ruwa, abinci ba ya narkewa ke nan, akwai ƙwayar da likita zai rubuta a riƙa sha tare da abinci. In yana yawan ƙishirwa da fitsari, a auna sukarinsa. Kada a gasa cikin da ruwan zafi, kada a yi ƙaho ko tsaga, kada a sayo maganin ciwon jiki a kemis ba da sanin likita ba. Zancen azumi ma a tambaye shi tukuna. Masu dubiya kuwa, a yi addu'a a taƙaita zama.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne masu karanta wa iyaye takardar asibiti, ku ne masu duba agogo a ba da magani kan lokaci. Ku dage da karatu. Ga makarantar koyon jinya da ungozoma a Birnin Kebbi, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 a kan hanyar Kalgo. Muna son ranar da mace za ta shiga asibiti ta tarad da 'yar garinsu sanye da farin kaya.

Ke kuwa 'yar'uwata ta Gwandu, ki kai wa surukanki wannan jarida a karanta musu cikin ladabi. Ba ki da laifi. Ke da kika ga jikin ya sake kika kira nas, ke kika yi abin da ya kamata. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya ba ki ladan jinya, amin.

Sai mako mai zuwa.