A Duba Rago Kafin A Sayar Da Tunkiya

Abu ne sananne a Sukuntuni da sauran ƙauyukan Kankiya da Kusada, cewa idan tunkiya ta wuce lokacinta ba ta ɗauki ciki ba, sai mai ita ya ce ta zama juya, ya ja ta zuwa kasuwar Charanchi ya karyar. Ba safai ake waiwayar ragon da ya yi barbarar ba, alhali kuwa sau da yawa a wurinsa matsalar take.

Masana kiwon dabbobi sun tabbatar cewa marainan namijin dabba ba sa aiki sosai sai sanyinsu ya fi na jiki da 'yan digirori, shi ya sa Allah Ya rataye su a waje. To, a lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a ƙasar Katsina yakan haura digiri 40. Ragon da ya wuni a turke cikin wannan rana, ko wanda zazzaɓi ya kama, ƙwayoyin maniyyinsa sukan ragu, wasu su lalace, ko da kuwa ana ganinsa da ƙiba da kuzari. Abin lura shi ne, jikin rago yana bukatar wajen mako bakwai kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, na bijimi kuwa wajen wata biyu. Saboda haka ɓarnar kwana kaɗan takan bi dabba har bayan saukar damina. Masu kiwon alade a yankin Kafanchan sun fi kowa sanin wannan, domin alade ba ya gumin kirki, zafi yakan kassara namijinsa nan da nan.

Hasarar kuwa ba ƙarama ba ce. Cikin tunkiya wata biyar ne. Barbarar da ta ɓaci a Afrilu ko Mayu, haihuwar kaka ce ta salwanta, lokacin da harawa da kara suke a wadace. Ga matar da ke kiwon tumaki biyu ko uku a cikin gida, wannan shi ne kuɗin kayan ɗakin 'yarta.

Wani abin takaici kuma, raguna mafiya kyau, Balami ne ko Uda ko Yankasa, su ake turkewa don layya, a bar ƙanana marasa ƙwari suna bin garke. Ga kuma ciwon bakkale, mai kumbura maraina da sa tumaki ɓari, wanda har mutane yakan kama ta hanyar ɗanyar madara.

Maganin bai fi ƙarfin talaka ba. A yi wa ragon barbara rumfar zana mai shan iska, a ajiye masa ruwa safe da yamma, a sake shi cikin tumaki da sanyin safiya ko da dare. Kada a cika shi da dusa har kitse ya rufe masa maraina. Wanda marainansa suka kumbura ko suka ƙanƙance, a kai shi ga likitan dabbobi.

Wajibi ne kuma Gwamnatin Jihar Katsina ta haɗa kai da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika, Zariya, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024, don malaman dabbobi su riƙa zagaya ƙauyuka suna duba raguna da bijimai kafin bazara ta shiga. Allah Ya albarkaci dukiyar talakawa, amin.