FILIN KIMIYYA DA FASAHA: Ɗan Aike Ba Ya Zuwa Gidan da Ba a Kwatanta Masa Ba

Masu iya magana sun ce garaje ba ƙarfi ba ne. Wannan magana ta dace da halin da ɗalibai da ma'aikatan kwamfuta kan shiga yayin da suka sa manhajar CUDA a na'urarsu, suka ba da umarnin farko, sai na'urar ta ce ba ta san da zaman wani abu mai suna nvcc ba. Da yawa kan ɗauka aikin ya lalace, su share kome su sāke sauko da manhajar mai nauyin gigabait da dama, su ƙona kuɗin data da man janareta, sa'an nan su tarar da amsar nan tana jiransu.

Ita dai CUDA kamfanin NVIDIA na Amurka ne ya fito da ita a shekarar 2007, domin katin zane, wanda aka ƙera don nuna hotuna da wasanni, ya riƙa yin dubban lissafi a lokaci guda. Darajarta ta fito fili a 2012, sa'ad da masu bincike na Jami'ar Toronto ta Kanada suka lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da katin GTX 580 guda biyu kacal.

To, ina gizo ke saƙar? Kwamfuta ba ta bin ɗaki-ɗaki tana neman manhaja. Tamkar ɗan aike ce da aka ba shi takarda mai jerin gidaje: waɗannan kaɗai zai leƙa, bi da bi, ya tsaya a na farkon da ya sami abin da aka aike shi nema. Irin wannan takarda ita ake kira bayanin muhalli, kuma tsarin Unix yana aiki da ita tun 1979. A tsarin Linux guda uku ne suka shafi CUDA. PATH shi ke riƙe da jerin foldojin da ake neman umarni. LD_LIBRARY_PATH yana nuna inda fayilolin taimako suke, irin su libcudart.so. CUDA_HOME kuwa waɗansu manhajoji ke dubawa domin sanin mazaunin CUDA gaba ɗaya.

Saboda haka kafin mutum ya share kome, lalle ne ya fara leƙa foldar /usr/local/cuda/bin. In nvcc yana ciki, to, manhaja ta zauna lafiya, kwatance ne kurum ya ɓace. Sai ya rubuta echo $PATH ya ga ko foldar tana cikin jerin. In ba ta, maganin layi ɗaya ne:

export PATH=/usr/local/cuda/bin:$PATH

Haka za a yi wa LD_LIBRARY_PATH da foldar /usr/local/cuda/lib64 in ana kukan rashin fayilolin taimako.

Amma fa akwai ramuka a hanyar. Na farko, wanda ya manta da $PATH ɗin da ke ƙarshen layin ya yage tsohuwar takardar ɗan aike ke nan, har umarni na yau da kullum irin su ls su daina amsawa a wannan taga. Na biyu, abin da aka rubuta a tagar umarni yakan mutu da zarar an rufe ta. Mai son ya ɗore sai ya rubuta layin cikin fayil ɗin .bashrc, sa'an nan ya buɗe sabuwar taga ko ya rubuta source ~/.bashrc. Na uku, umarnin sudo yakan yi aiki da tasa takardar dabam, shi ya sa abin da ya yi aiki ɗazu kan ƙi in an sa sudo a gabansa.

Rami na huɗu shi ne zaman bugu biyu na CUDA a na'ura ɗaya. A Ubuntu, in aka rasa nvcc, tsarin kan ba da shawarar a sauko da shi daga rumbunsa, wanda sau da yawa tsohon bugu ne, ya kuma ajiye shi a /usr/bin. Daga nan wanda ya zo farko a jerin shi ke amsa kira. Umarnin which nvcc yana tona asirin wanda ke aiki.

Har ila yau, bai kamata hankali ya tashi ba in nvidia-smi ya nuna wata lamba, nvcc --version ya nuna wata. Na farkon yana faɗin bugu mafi girma da direban katin zai iya ɗauka ne, na biyun kuwa bugun da aka sa. Muddin lambar direba ba ta gaza ba, babu dalilin taɓa shi, domin kuwa cire direba cikin gaggawa kan bar mutum da baƙin allo.

Masu Windows sun sami sauƙi, gama manhajar da kanta ke rubuta CUDA_PATH, sai dai tagar da aka buɗe tun kafin a sa ta ba za ta ga sabon kwatancen ba sai an sāke buɗe ta.

Matambayi dai ba ya ɓata. Wanda ya fara tambayar na'urarsa inda take dubawa, cikin minti biyar zai gyara abin da wani zai kwana a kansa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya yarda.