Wai bindigar wasa ce, to me ya kawo canjin kaya?

Jama'a, duk lokacin da 'yan bindiga suka yi ɓarna sai ka ji wasu suna cewa a bar kowa ya mallaki bindiga kamar yadda ake yi a Amurka, wai ai lasisi zai tsare komai. Masu wannan magana, don Allah ku tsaya ku ji yadda lasisin yake ƙarewa a can ɗin da kuke misali da ita.

Akwai bindigar da ake kira AR-15. Masu ƙera ta sun raɗa mata suna bindigar wasanni ta zamani, ta harbin allo da farauta. Mai araharta 'yan ɗaruruwan daloli ce. Ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita, shi ya sa doka ba ta lissafa ta cikin bindigogin yaƙi. Amma an ƙera ta ne yadda za a iya kwance ta gaɓa-gaɓa a sauya. A dokar tarayya, gaɓa ɗaya tal mai ɗauke da lamba ita ce bindiga. Sauran kayan, su gindi da mariƙi da madubin saiti, ana sayensu a intanet kamar kayan gyaran babur. Mutum ya sayi mai araha yau, ya dinga canza mata kaya a ɗakinsa, bayan shekara abin da ke hannunsa daban, abin da aka sayar masa a kanti daban.

Na san abin da za a ce: yawancin masu yin haka 'yan sha'awa ne, saiti suke gyarawa don su ci gasa. Gaskiya ne. Kuma ƙananan bindigogin hannu sun fi wannan kashe mutane a Amurka, wannan ma gaskiya ne. Sai dai kasuwar da ke sayar wa ɗan gasa madubi, ita ce ta sayar wa mutumin Las Vegas abin da ya yi aiki da shi.

Ranar 1 ga Oktoba 2017, wani mutum ya hau bene na 32 a otal ɗin Mandalay Bay, ya buɗe wuta kan masu kallon wasan waƙa. Cikin minti goma ya harba harsasai sama da 1,000. Mutum 58 suka mutu a lokacin, daga baya adadin ya kai 60, ɗaruruwa suka jikkata. Bindigoginsa ta halastacciyar hanya ya saye su. Abin da ya ƙara wa da yawa daga cikinsu shi ne wani gindin roba mai zamewa, wanda ke sa bindigar ta dinga ɓarin wuta kusan kamar mashinga. Shi ma a lokacin doka ba ta hana sayar da shi ba.

Gwamnatin Trump ce fa, wadda masu son bindiga suka zaɓa, ta haramta wannan gindi a ƙarshen 2018. Wani mai shagon bindigogi a Texas, Michael Cargill, ya kai ƙara. Ranar 14 ga Yuni 2024 Kotun Ƙoli ta soke haramcin, alƙalai shida suka rinjayi uku. Hujjarsu? Dokar 1934 ta ce mashinga ita ce wadda ke fitar da harsasai da yawa da motsin kunama guda, wannan kuwa kunamarta tana motsi a kowane harbi. Mai shari'a Sotomayor ta ƙi yarda, ta ce tsuntsun da ke tafiyar agwagwa, yana iyon agwagwa, yana kukan agwagwa, ita dai agwagwa za ta kira shi. Wallahi ta fi su gaskiya. Wanda harsashi ya samu a filin nan, ina ruwansa da sau nawa kunama ta motsa?

Ɗaya daga cikin alƙalan da suka yi rinjaye ya ce in ana son hani, majalisa ta gyara dokar. Majalisar da ta bari haramcin 1994 kan irin waɗannan bindigogi ya mutu a 2004 ba ta sabunta ba? An bar wa kura ajiyar nama ke nan.

To ku duba. Ƙasa ce mai hukuma ta musamman kan bindigogi, mai binciken tarihin mai saye kafin a miƙa masa a kanti, amma guntun roba ya gagare ta. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai. Ba na raina zafin da ya kai mutane ga wannan tunani, wanda aka kashe wa ɗa ba a yi masa wa'azin haƙuri daga kan kujera. Amma lasisi yana shaida bindiga ne a ranar da aka duba ta. Wa zai bi ta ƙauye bayan wata shida ya ga abin da maƙeri ya mayar da ita, ko hannun wa ta koma?

Duk mai kawo mana misalin Amurka, ya kawo shi cikakke, har da Las Vegas da hukuncin 2024. In yana da amsar wa zai sa ido kan bindiga bayan ta bar kanti, ga fili nan a ƙasa, ina saurare. Allah Ya zaunar da mu lafiya.