Talabijin ɗin lakwal: aikin da Nijar ta fara a 1964 yana jiran mai ɗauka

A watan Yulin 2025 majalisar dokokin Amurka ta soke dala miliyar 1 da miliyan 100 da aka riga aka ware wa CPB, hukumar da ta riƙa raba tallafin gwamnati ga gidajen rediyo da talabijin na al'umma tun 1967. Ba a yi wata guda ba hukumar ta sanar cewa za ta rufe. Manyan tashoshin birane suna da masu ba su gudummawa, za su lallaɓa. Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne ƙananan tashoshin karkara, inda ƴaƴan talakawa ke kallon shirye-shiryen koyon baƙi da ƙidaya kyauta, irin su Sesame Street da aka fara nunawa a Nuwamban 1969.

Mai karatu a Maradi ko Tawa na iya cewa ina ruwanmu da rigimar kasafin kuɗin Amurka. Akwai ruwanmu ta fuska ɗaya. Shekara 5 kafin Amurkawa su fara wancan shiri, a Yamai an riga an kunna akwatin talabijin a gaban ƴan lakwal, ana koya musu karatu da lissafi. Nijar na cikin ƙasashen farko a duniya da suka gwada wannan hanya gadan-gadan, kuma abin da ya kashe gwajin namu ɗan'uwan abin da ke girgiza na Amurka ne a yau: wa zai biya, kuma har zuwa yaushe.

Yadda aka fara

Lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko a ƙasar nan ba su kai 5 cikin 100 ba. Malamai ƙwararru ƴan ƙalilan ne, horar da sababbi kuma sai an ɗauki shekaru. Gwamnatin Diori Hamani da hukumar haɗin gwiwar Faransa suka yanke shawarar gwada wata dabara: a tara gwanayen koyarwa a ɗakin shirye-shirye guda a Yamai, su shirya darasi, a watsa shi zuwa azuzuwa. Wani Bafaranshe mai suna Max Egly ne ya jagoranci aikin.

An fara a 1964 da azuzuwa biyu a Yamai. A 1966 aka faɗaɗa zuwa makarantu wajen 20 a kewayen babban birnin, yara kimanin 800. Kowace rana ana watsa darussa huɗu, kowanne bai cika minti 15 ba. Ba malami ne ke tsayawa gaban allo yana surutu a cikin akwatin ba. Wasan kwaikwayo ake yi, da zane, da ƴan tsana, da abubuwan da yaro ya saba gani a ƙauyensu. Idan an kashe akwatin, sai mai kula da aji ya ɗora daga inda aka tsaya, ya yi tambayoyi, ya sa yara su maimaita wasan, su yi rubutu. Waɗannan masu kula da aji ba su wuce takardar kammala firamare ba, horon ƴan watanni kawai aka ba su. A 1968 har aka kafa farantan hasken rana a wata makaranta kusa da Yamai domin kunna akwatin, a lokacin da yawancin duniya ba ta san ana iya haka ba.

Masana da suka zo daga ƙasashen waje suka duba aikin sun yaba da abu biyu. Yaran ba sa gudun lakwal kamar yadda aka saba gani a sauran makarantu, kuma suna magana da Faransanci ba tare da tsoro ba, suna tambaya, suna gardama. Sunan Nijar ya shiga littattafan masana ilimi saboda wannan gwaji. Kodebuwa ma ta bi sahu a 1971, da nata shirin mai girma da ta kafa wa cibiya a Buwake.

Abin da ya kashe shi

Duk da yabon, shirin bai taɓa fita daga matsayin gwaji ba. Ko da aka ƙara faɗaɗa shi bayan 1970, azuzuwan ba su wuce ɗari da ƴan kai ba. Dalilai uku ne suka haɗu.

Na farko kuɗi. Shirya darasin talabijin yana da tsada ko yaro 800 ne zai kalla ko 800,000. Riba tana zuwa ne idan masu kallo sun yi yawa, a nan kuwa ba su yi ba. Yawancin kuɗin da ƙwararrun daga Faransa suke, ga shi zanen aro ba ya rufe katara. Da masu ba da tallafi suka fara janye jiki, nauyin ya fi ƙarfin baitulmali, musamman a shekarun farin da ya addabi ƙasar har zuwa 1974.

Na biyu, shirin ya zauna a gefe kamar baƙo. Sufetoci da malaman da suka yi doguwar makarantar horo ba su ɗauke shi nasu ba, wasu ma na ganin an zo a rage musu daraja ne da akwati da yaro mai takardar firamare. Jarabawar ƙasa kuma ba ta canza ba. Yaron da ya iya magana da tunani sai a auna shi da shifta da ƙa'idojin nahawu, ya kasa, iyaye su ce talabijin ba ta koyar da komai.

Na uku, gwamnati ta buƙaci kayan aikin domin wani abu dabam. A 1979, zamanin Seyni Kountché, aka rufe babin talabijin ɗin lakwal, Télé Sahel ta gaji ɗakunan da na'urorin. Wato gidan talabijin ɗin ƙasa da muke kallo yau a cikin aji aka haife shi. An kai akwatuna masu aiki da hasken rana ƙauyuka da dama domin kallon jama'a, amma abin da ake kallo ya koma labarai, jawabai da rangadin shugabanni. Na Kodebuwa ma bai yi nisan kwana ba, an rufe shi a farkon shekarun 1980.

Akwai kuma aibi na huɗu da ba a cika ambata ba: duk darussan da Faransanci ake yi, harshen da yaron bai taɓa ji a gida ba. Uwa ba ta iya zama kusa da ɗanta ta gane abin da ake cewa, balle ta taimaka masa.

Me ya canza yau

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna kimanin yara 9 cikin 10 masu shekara 10 ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu, galibi a jihar Tillaberi. A azuzuwan zana kuwa, karatu ba ya kankama sai an gama girbi an samu kara, kuma ruwan farko na sauka a watse. Yaro na rasa watanni a kowace shekara ba da laifinsa ba.

A ɗaya gefen, yaran birni sun riga sun zama ƴan kallo. Duk wanda ya ratsa unguwa a Damagaram ko Maradi bayan sallar isha'i ya san haka: yara sun yi dafifi a gaban akwati ko sun kewaye salula guda, ana kallon finafinan Indiya masu fassarar Hausa, ko na Kano, ko zane-zanen waje da ke zuwa ta tauraron ɗan'adam. Maganar a bar yara su kalla ko a hana su ta wuce. Abin da ya rage shi ne me za su kalla, kuma wa ya shirya musu shi.

Tashoshi masu zaman kansu da talla suke rayuwa, kuma ɗan shekara 5 ba ya sayen komai. Ba laifinsu ba ne idan ba su zuba kuɗi a shirin koyon baƙi ba. Wannan aikin gidan gwamnati ne, wato RTN mai Télé Sahel da Tal TV da Muryar Sahel. Duk mai biyan kuɗin wutar Nigelec yana biyan wani kaso domin gidan rediyo da talabijin na ƙasa. Saboda haka magidanci na da hurumin tambaya: a cikin abin da nake biya, nawa ne rabon ƴaƴana?

Sai kuma batun harshe. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a koyarwa da harshen gida, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram. Abin da ya hana waɗannan makarantu yaɗuwa har da ƙarancin littattafai da malaman da suka iya rubuta harshen daidai. Shirin talabijin na minti 20 a kowace rana, mai nuna wa yaro yadda ake rubuta ɓ da ɗ da ƙ, zai koyar da yaron, ya koyar da mushensa, ya koyar da uwar da ke tankaɗe a gefe. Sai dai dole a yi hattara: shirin da aka yi da kuɗin kowa bai kamata ya tsaya a Hausa kaɗai ba. Ɗan Dosso da ɗan Diffa da ɗan Agadas suna da haƙƙin jin nasa da Zabarmanci, Barbarci, Fulatanci ko Tamajak. Sauƙin zane da ƴan tsana shi ne hoto ɗaya ake yi, a ɗora masa murya kala-kala.

Masu ja da wannan magana

Akwai masu cewa ƙasar da ba ta gama gina azuzuwa ba, bai dace ta yi zancen talabijin ba. Hujjarsu mai nauyi ce. Mutanen Maradi ba su manta da gobarar Nuwamban 2021 ba, wadda ta ci yara fiye da 20 a azuzuwan zana, watanni kaɗan bayan irinta a Yamai. Babu shirin da zai maye gurbin ginin siminti da malami mai samun albashi a kan kari. Gwajin 1964 da kansa ya tabbatar da haka, domin akwatin ya yi amfani ne a inda akwai babba a ɗakin da zai ɗora a kan darasin. Wanda ya ce talabijin za ta rage wa gwamnati ɗaukar malamai yana maimaita kuskuren da aka riga aka yi.

Hujja ta biyu ita ce wuta. Kimanin mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki a ƙasar nan, a karkara abin bai kai haka ba. Idan aka tsaya a akwati kaɗai, ƴaƴan masu hali ne za su ƙara gaba. Amsar tana cikin abin da muke da shi. Akwai gidajen rediyon al'umma fiye da 100, kuma al'adar sauraro a rukuni tsohuwa ce a nan, tun ƙungiyoyin masu sauraron rediyo na 1962. Shirin da aka yi domin talabijin ana iya fitar da muryarsa a rediyo, a kuma zuba hotonsa a katin salula, kamar yadda waƙoƙi da finafinai ke kaiwa ƙauyen da ko eriya babu. Masu tura finafinai a kasuwa sun riga sun gina hanyar, kaya kawai ake jira.

Game da ko irin wannan kallo na da amfani, an auna a wasu wurare. Masana tattalin arziki biyu a Amurka, Melissa Kearney da Phillip Levine, sun gano cewa yaran yankunan da ke kama Sesame Street a farkon fitowarsa sun fi tafiya daidai da ajin shekarunsu, kuma amfanin ya fi fitowa a yankunan marasa galihu. A nahiyarmu, ƙungiyar Ubongo ta Tanzaniya tana shirya zane-zanen koyarwa da ake juyawa zuwa harsuna da dama, har da Hausa. Ana iya farawa da irin waɗannan, amma kada a zauna a kansu. Ƙasar da ta fitar da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Yazi Dogo da ta gidan rediyon Damagaram ba ta rasa masu iya riƙe hankalin jama'a ba, ga kuma tatsuniya da kacici-kacici da kowace kaka ke da su a baki.

Abin da ya kamata a sa wa ido

Idan hukumomi suka waiwayi wannan fage, abu huɗu ne za su nuna ko da gaske ake. A ware wa yara lokaci tsayayye a kowace rana, wanda ba za a ɗage shi ba saboda taro ko jawabin wani babba. A rubuta kason kuɗinsa a doka, daga abin da jama'a ke biya, domin kada ya mutu ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa. A sa malaman firamare da sufetoci a cikin masu rubuta darussan tun daga farko, abin da ake nunawa ya dace da abin da ake koyarwa a aji. Sannan a riƙa auna yaran da ke kallo, a faɗa wa iyaye sakamakon ko da bai yi daɗi ba.

Yaran da suka zauna gaban akwatin farko a Yamai yau sun doshi shekara 70, wasunsu na nan da ransu, haka ma wasu daga cikin masu kula da azuzuwan. Kafin a kira ƙwararru daga waje, ya dace a fara zama da su a ji abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ke da shekara 5 a yau ba zai jira a gama taron ƙara wa juna sani ba.