Fumfunar Da Ke Kashe Fara

Duk damina, matasan Sundimina da ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram sukan goya injin feshi, ba takunkumi ba safar hannu, su faɗa gona. Guba na tsiyaya a gadon baya, iska na maido ta hanci. Idan kaka ta yi kuma a kamo fara a soya da yaji, ba mai tambayar gonar da ta kwana.

Alhali kuwa Allah Ta'ala ya halitta wa ƙwari abokan gabarsu. A dazuzzukan Barazil da Tailan akwai fumfunar da ke shiga jikin tururuwa, ta sa ta hau ganye ta cije shi ta mutu a nan, sannan tsiro ya fito ta ƙeyarta ya zubo ƙura kan 'yan uwanta. Gizo-gizo ma yana da tasa.

To, ba sai an je can ba. Bayan annobar fara ta 1986 zuwa 1989, lokacin da jiragen sama suka yi ta kwarara guba a ƙasashen Sahel, aka kafa shirin LUBILOSA a 1989. A jikin wata fara a Jamhuriyar Nijar aka samo fumfunar Metarhizium, aka gwada ta a Maine Soroa, aka yi maganin Green Muscle da ita. Ana cuɗa ƙurarta da mai a fesa, ta huda fatar fara ta cinye ta daga ciki. Ba ta kashe tsuntsu ko ƙudan zuma, balle ɗan Adam. Da ita aka yaƙi fara a Somaliya a 2020.

Ba shakka tana da aibi. Takan ɗauki sati ɗaya zuwa uku kafin fara ta mutu, kuma ba ta maganin tsutsar wake. Manomin da ke kallon ana cinye masa gero ba zai jira ba, kuma yana da gaskiya. Wannan ne ya sa lokacinta shi ne tun fara tana ɗango, kafin ta yi fiffike, kuma aikin gayya ne, ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Abin takaici, maganin da aka samo a maƙwabta ya kai Somaliya, amma ɗan Sundimina idan ya shiga shagon maganin feshi, kwalaben guba zai tarar jere. Lallai ya kamata 'yan uwa matasa, waɗanda su ne ke shaƙar gubar, su haɗu su tunkari malaman gona na hukumar JARDA da wannan magana tun kafin ruwan farko ya sauka.