Kwamfuta da Mahaƙin Rijiya a Ƙasar Ɗansoshiya

Tun da gwamnatin Jihar Kano ta keɓe dajin Ɗansoshiya domin tsugunar da makiyaya, aka kuma ƙaddamar da rugar a 2020, rayuwar shirin ta rataya ne a kan ruwa. Kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, yana zaune a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da kuma samansa da ya ruɓe. Rijiyar burtsatsen da ta kuskure tsaga, asara ce kawai.

Domin gano tsagar, masana kimiyyar ƙasa kan auna yadda ƙasa ke amsa igiyar maganaɗisun lantarki. Daga nan kwamfuta ta kasa ƙarƙashin ƙasa gida-gida a lissafe, ta warware ƙa'idojin Maxwell a kowane gida, tana sauya siffar har lissafi ya dace da awon da aka yi a fili.

A nan ne gizo ke saƙa. Siffofi mabambanta na iya ba da amsa iri ɗaya. Yumɓu mai laima yana ɗaukar lantarki kamar tsaga mai ruwa, alhali yumɓu ba ya sakin ruwa. Saboda haka lissafin yana bukatar bayani daga waje, bayanin kuwa yana bakin mahaƙan rijiya. Su suka san a gaba nawa ake barin jar ƙasa a shiga marmara, inda yumɓu ke kwance, da inda gatari ke cin karo da fa.

Ana iya cewa gaba ba awo ne tsayayye ba, kuma rijiyar hannu ba ta kai zurfin burtsatse. Gaskiya ne. Amma ana iya mayar da gaba zuwa mita, sannan shimfiɗun saman nan da mahaƙi ya ratsa da hannunsa su ne suka fi rikita lissafi.

Wannan aiki na manazarta Hausa ne. Jami'ar Bayero da ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006 tana da ƙwarewar tattara kalmomi. Abin da ya rage shi ne a bi mahaƙan garuruwan nan, a rubuta kowace kalma ta ƙasa tare da wurinta da zurfinta, a miƙa wa masu lissafi. Burtsatse na ta maye gurbin rijiyar hannu, mahaƙan kuma suna tsufa.