Rijiya ɗaya, gari goma: wa za a fara gina wa?

Duk lokacin da kuɗin raya karkara suka sauka cikin asusun komin, ko daga baitulmalin gwamnati ko daga hannun ƙasashe aminai, tambaya guda ce ke tasowa: wane aiki za a fara yi, kuma a wane gari? Wannan gari rijiya yake nema. Wancan aji yake so, domin yaransa na karatu cikin rumfar kara. Wani kuma bankin cimaka yake roƙo, saboda hatsi na yin tsada da damina, lokacin da rumbu ya ƙare kuma gero bai nuna ba. Bukatu sun yi yawa, kuɗi kaɗan ne, dole a zaɓa. Wajen wanga zaɓe ne ake gane komin mai adalci da wadda ba ta da shi.

Kafin shekara ta 2004, yawancin irin waɗannan ayyuka daga sama ake yanke su. Ko shiri na musamman na shugaban ƙasa Tandja Mamadou, wanda aka soma a 2001 aka gina ajujuwa da ƙananan gidajen likita masu yawa cikin karkara, daga Yamai aka tsara shi. Ranar 24 ga watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen farko na majalisun komin 265, aka sake a 2011 da 2020. A 2008 aka kafa hukumar ANFICT domin ta riƙa isar da tallafin gwamnati ga ƙananan hukumomi, a 2016 kuma aka miƙa masu wani ɓangare na ikon tafiyar da ilimi, da kiwon lafiya, da ruwan sha, da kare muhalli. Cikin watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Masu zama bisa kujera sun canza, amma tambayar tana nan inda take, domin kuɗi ba su taɓa isar kowa ba.

Hanyar da aka shimfiɗa wa majalisun, a bisa takarda, ba ta da aibi. Ana zagaya garuruwa a tara jama'a su faɗi abin da ke damunsu. A haɗa bukatun cikin kundin raya komin na shekara biyar, wanda ma'aikata ke kira PDC. Kowace shekara majalisa ta zauna ta tsamo ayyukan da za a yi daidai da kuɗin da ke hannu. Sarakunan gargajiya na halartar zaman suna ba da shawara, ko da yake ba su jefa ƙuri'a. Daga nan a aika wa perfe ya duba ko an bi doka. Manufar dai ita ce abin da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Sai dai sau da yawa an gama zaɓe tun kafin a zauna. Abu uku ne ke karkatar da shi.

Na farko shi ne alƙalami. Aiki ba ya samun kuɗi sai da takardar nema, wadda aka rubuta da Faransanci, da lissafin siminti da ƙarfe da ladan magina. A ɗauki misalin garuruwa biyu. Ɗaya yana bakin hanyar mota, yana da ɗiya ma'aikata a Maraɗi ko Damagaram, waɗanda za su rubuta takarda cikin dare ɗaya su bi sawunta ofis-ofis. Ɗayan yana can cikin tudu, matansa na fita tun asuba neman ruwa, ba su dawowa sai hantsi, kuma ba mai rubuta masu ko layi guda. In aka ce takardar da ta iso ita za a duba, to gari na farko zai samu famfo na uku alhali na biyu bai samu rijiyar farko ba. Ba wanda ya saci ko dala, amma an yi zalunci.

Na biyu shi ne kuɗin gudummawa. Masu ba da tallafi da yawa na neman jama'a su fara zuba nasu kaso, ko kuɗi, ko yashi da tsakuwa da aikin hannu, kafin a soma gini. Hikimar abin a fili take, domin abin da mutum ya sa guminsa ciki ba ya barin shi ya lalace. Amma garin da ke da ƴan kasuwa da masu zuwa cin rani suna aiko kuɗi zai tara kasonsa cikin mako guda, garin da fari ya cinye gonakinsa kuwa ba zai iya ba. Ta haka sharaɗin da aka sa domin kare aiki ya kan zama ƙofar da ke rufe wa mafi talauci hanya.

Na uku shi ne kusanci. Ɗan majalisa ɗan wani gari ne, kuma ɗan wata jam'iyya ne, mutanensa na sa masa ido su ga abin da ya kawo gida. Inda aka yi sakaci, sai rabon ayyuka ya koma ladan ƙuri'a: garin da ya zaɓi masu rinjaye ya samu, wanda bai zaɓe su ba ya jira shekara biyar. Makiyaya da ke zaune a rugage, da mata, da ƙananan tungaye da ba su da wakili, su ne bukatarsu ke faɗuwa ƙasa. Kantoma ba ya neman ƙuri'a, gaskiya ne, amma shi ma masu iya zuwa ofishinsa su yake gani, kuma ba majalisar da za ta yi masa gardama. Saboda haka nauyin da ke wuyansa ya fi na magajin gari.

Akwai kuma son abin da ido ke gani. Gini mai fenti ya fi daɗin buɗewa gaban baƙi bisa ga gyaran tsohon famfo, ko shata burtali domin kashe rigimar manoma da makiyaya. Amma gidan likita da ba ma'aikaci ba magani ɗaki ne kawai, kuma injin niƙa da ba a tanadi kuɗin gyaransa ba, ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan. Ƙasar nan na da shaida a kan aikin da jama'a suka rungume da kansu. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka kama sassaben zamani, suna barin tohon itatuwa irin su gawo cikin gonaki suna kula da shi, har masana suka ƙiyasta filin da ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Ba a aza tubali ba, ba a yanka kirtani ba, amma aikin ya dore domin masu shi sun ga amfaninsa.

Maganin wannan al'amari ba ya bukatar sabuwar doka ko ƙarin kuɗi. Abin da ake bukata shi ne a aje ma'auni kafin a buɗe takardar kowa. Ma'aunin ma akwai shi. Ma'aikatar ruwa ta daɗe tana lissafin mashaya ta zamani guda ga mutum 250, ma'aikatar lafiya kuma na ƙidaya mutanen da ke zaune cikin kilomita 5 daga gidan likita. Sai a jera garuruwan komin duka, a rubuta yawan jama'ar kowane, da nisansa da ruwa, da makaranta, da likita, da abin da ya samu cikin shekaru biyar da suka wuce. Wanda ya fi nisa kuma bai taɓa samu ba, shi ne kan gaba, ko ya aiko takarda ko bai aiko ba. Rubuta masa takardar aikin ma'aikatan komin ne. In ba ya da kuɗin gudummawa, a karɓi aikin hannunsa. Kuma kada a amince da wani aiki sai an san wanda zai riƙe shi, da inda kuɗin gyara za su fito.

Bayan haka a fito da zaɓen fili. A rubuta jerin ayyukan da aka ɗauka, da kuɗin kowane, da sunan ɗan kwangila, cikin Hausa da sauran harsunan da ake ji a komin, a manna bakin ofis da bakin kasuwa, a karanta a rediyon karkara. Garin da bai samu ba a gaya masa dalili, a gaya masa matsayinsa cikin layi. Talaka na iya haƙurin jira in ya san layi ne ake bi. Abin da ba ya iya haɗiyewa shi ne ya ga an tsallake shi ba bayani, kuma mutumin da aka tsallake haka, da wuya ya biya haraji da daɗin rai.

A nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci ke da babban aiki. Wanda ya iya karatu da lissafi cikin harshensa zai iya rubuta ƙidayar garinsu, ya riƙe littafin kwamitin famfo, ya karanta wa jama'a abin da aka manna, ya lura in buhun siminti ɗari aka rubuta amma sittin suka iso. Ma'aikacin kirki ba ya tsoron irin wanga mutum, domin shi ne zai wanke shi ranar da aka zarge shi.

Kuɗin raya ƙasa amana ce ta jama'a duka, har da waɗanda ba su san hanyar ofis ba. Ranar da za a raba su, a fara tambaya wane gari ne bai zo ba, kuma me ya hana shi zuwa. Allah shi ba shugabanni ikon riƙon amana.